Waiwaye Adon Tafiya: Yadda 'Ya'yanmu Suka Nemi Gurbin Karatu Da Kuɗinsa, Jiya Da Yau

  

Kowace shekara idan aka zauna babban taro, da wuya a tashi ba a tayar da zancen asusun ilimi ba: nawa aka tara, su wa za a ba, da wane ma'auni kuma za a auna. Wasu na ganin a raba wa 'ya'yanmu da ke jami'o'i, kowa ya sami na sayen takarda. Wasu na cewa a zaɓi masu karatun likita da injiniya a ɗauki nauyinsu gaba ɗaya. Duka ɓangarorin biyu alheri suke nufi. Amma mu da muka ƙare rayuwar aikinmu da alli a hannu, muna ganin akwai wani yaro da ba a cika tunawa da shi ba a wannan muhawara, wato ɗan aji shida na sakandare, wanda bai riga ya sami gurbi ba, bai kuma san ta inda ake nemansa ba. Domin a gane yadda aka yi wannan yaro ya zama kamar maraya alhali iyayensa na raye, dole ne mu koma baya mu bi sawun al'amarin tun daga tushe.

Zamanin da makaranta ke farautar yaro

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, sun ɗauki 'yan shekaru kafin su waiwayi zancen makaranta. A 1909 ne Baturen nan da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka shiga buɗe makarantun lardi. Da aka ga ba za a ci gaba ba sai da malamai 'yan ƙasa, sai aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Kilifod kuma ya zo da kansa ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Tsohon ginin nata na ƙasa yana nan tsaye a cikin birnin Katsina, an mai da shi gidan tarihi, kuma ya dace duk ɗan garinmu ya kai 'ya'yansa su gan shi. A cikin ɗakunan nan Ahmadu Rabah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta sake tashi zuwa Zariya a 1949, ita ce kuma Kwalejin Barewa ta yau.

Abin lura shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da ya sayi fom. Babu wanda mahaifinsa ya sayar da ɗan maraƙi don biyan kuɗin rajista. Wajen 1930 tsarin ya zauna da gindinsa: yaro ya yi shekara huɗu a elemantare, in ya yi ƙoƙari a tura shi midil a babban birnin lardi, daga midil kuma a tsamo 'yan ƙalilan a aika kwaleji. Masu zaɓen su ne malamansa da Baturen makaranta, mai biya kuwa akasari En'e ce, daga baitulmali. Tufafi, abinci, littattafai, sabulun wanki, har da 'yan kuɗin kashewa, duk ana ba yaro, in an yi hutu kuma a san yadda za a mai da shi gida.

Duk da wannan gata, neman yaran ma aiki ne. Iyayenmu sun ba mu labari, kuma mu ma mun riski wutsiyar abin, cewa idan takarda ta zo daga birni hakimi ya kawo yara kaza, sai gari ya ɗauki zafi. Hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa. A ɓoye yaro a rumbu, a tura wani ƙauyen kakanninsa, a haɗa wani da malamin allo su tafi gabas. Wasu masu sarautar ma sukan hana nasu 'ya'yan su tura na barorinsu, daga baya ɗan baran ya dawo yana akawu ko malamin asibiti, ɗan gida na gaishe shi. Ba za mu yi wa magabatanmu dariya ba. Makaranta ce da mai jan kunne ya kawo bayan ya ci ƙasarsu da bindiga, kuma suna tsoron kada 'ya'yansu su rabu da addini. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai wata gaskiya a nan da muke so 'yan uwa mazauna birni su yi mata dogon tunani. Kuɗin baitulmali ba daga Ingila suke zuwa ba. Harajin talaka ne da jangalin Bafillace. Manomin da ya kai gyaɗarsa ko audugarsa kan sikeli, ya karɓi 'yan sulallansa ya miƙa wa mai unguwa, shi ne ya ciyar da ɗan midil, ya ɗinka masa riga. Ashe ke nan mutumin da ya ɓoye ɗansa a rumbu shi ne ya biya wa ɗan maƙwabcinsa kuɗin makaranta. Jikokin wanda ya ɓoye ɗan nan suna nan a gida suna noma, jikokin wanda aka kai makarantar kuwa su ne da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla. Wannan bashi ne wanda babu takardarsa a hannun kowa.

Su kuwa 'ya'ya mata, sai a 1930 aka buɗe musu makarantun farko a Kano da Katsina, kuma an daɗe ana tafiyar hawainiya. Wannan jinkiri har yau muna ɗanɗana kuɗarsa, duk ranar da matan garinmu suka je asibiti suka tarar babu mace likita.

Ƙofar karatu mai zurfi

Shekaru da dama, Kwalejin Katsina ita ce maƙurar karatun boko ga ɗan Arewa. A Kudu an buɗe Babbar Kwalejin Yaba a farkon shekarun 1930, aka kuma kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, amma 'yan Arewa da suka shige su a shekarun farko ana iya ƙirga su da yatsu, domin makarantunmu kaɗan ne ke kai yaro matsayin da ake buƙata. Waɗanda suka fara leƙa waje, gwamnati ce ta tsamo su daga cikin malaman makaranta. Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Ta ɓangaren Arabiyya kuma, Malam Abubakar Gumi na cikin waɗanda aka tura Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan a 1954, bayan karatunsu a makarantar shari'a ta Kano.

Da mulkin kai ya ƙarato, sai shugabannin Jihar Arewa suka duba ofisoshi suka ga cike suke da Turawa da 'yan Kudu. Nan aka ɗauki manufar nan ta damƙa ayyukan Arewa a hannun 'yan Arewa, kuma babu yadda za ta tabbata sai an samar da masu takardar shaida cikin gaggawa. Wannan shi ne zamanin da tallafin karatu, wanda muka fi sani da sikolashif, ya kai ƙololuwa. Ɗan lardinmu ne ma, Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa daga 1957 zuwa 1966. Aka mai da midil-midil sakandaren lardi, aka yawaita kwalejojin horon malamai, aka faɗaɗa makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, sa'an nan ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello.

A wannan zamani, ɗan ajin ƙarshe na sakandare bai san wahalar neman gurbi ba. Fom yakan zo ofishin firinsifal, malamin aji ya tara yara ya nuna musu yadda ake cikawa, makaranta ta mai da shi ta gidan waya. Manyan gwamnati da kansu sukan zagaya makarantu suna kwaɗaitar da yara shiga soja ko aikin gona ko aikin likita. Ta irin wannan hanya ce yaran Sakandaren Lardin Katsina, irin su marigayi Muhammadu Buhari da marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, suka shiga soja a farkon shekarun 1960. Wanda ya sami jami'a, a gida ko a Ingila, sai a kira shi Kaduna ganawa, a ɗauki nauyin karatunsa da abincinsa da littattafansa da tafiyarsa. Sharaɗi ɗaya ne, ya sa hannu a yarjejeniya cewa in ya gama zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru. Wato dai har aikin ma ɗaure shi ake yi da shi, abin da in aka faɗa wa yaran yanzu sai su ɗauka tatsuniya ce.

Kada dai daɗin labari ya ɗebe mu. Tsarin nan ya yi kyau ne ga wanda ya shiga cikinsa, kuma 'yan kaɗan ne suka shiga. Gunduma guda takan tura yaran da ba su cika aji ɗaya ba zuwa sakandare a shekara. Tuwon ya ƙosar ne saboda masu ci ba su da yawa.

Shekarun mai da kafuwar JAMB

A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, mu muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedkwata a Kaduna, kowace jiha kuma ta kafa tata hukumar ba da tallafin karatu. Bayan yaƙin basasa sai kuɗin man fetur suka kwararo. Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Farfesa Ishaya Audu, ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Samaru, domin ta lura in ta tsaya jiran masu babbar takardar sakandare, azuzuwanta ba za su taɓa cika da 'yan Arewa ba. Dubban manyan ma'aikatanmu ta wannan ƙofa suka bi, kuma jarrabawar IJMB da aka soma a 1976 daga nan ta samo asali. A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙara sababbin jami'o'i, ciki har da na Sakkwato, Maiduguri da Jos, ta Bayero a Kano kuma ta tsaya da ƙafafunta a 1977.

Mu 'yan kwalejin horon malamai mun ci moriyar wannan zamani daidai gwargwado. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ana neman malamai ruwa a jallo. Ana ciyar da mu sau uku, ana ba mu alawus, kuma tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito kowa ya san makarantar da aka tura shi. A cikin alawus ɗin nan da yawanmu muka fara saya wa iyayenmu goro da turmin atamfa.

Kafin 1978, kowace jami'a ita ke sayar da fom ɗinta, ta yi zaɓenta. Wannan ya sa yaro ɗaya mai hali yakan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya, sauran guraben su tafi a banza, wani kuwa ya rasa gaba ɗaya. Domin maganin haka gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978, aka koma jarrabawa ɗaya ga ƙasa duka. Daga baya aka fito da tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya, wanda ya zauna a kan kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Jiharmu na cikin wannan rukuni na ƙarshe. An tanadar mana kaso ke nan, sai dai kason ba ya zuwa gida ya ƙwanƙwasa ƙofa; sai yaro ya zauna jarrabawa ya kai makin da aka yanka.

A wannan shekara ta 1978 ɗin dai aka fara jin ƙarar tsagewar bango. An soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, amma a watan Afrilu aka ƙara kuɗin abincin ɗalibai daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a yini. A kan kwabo 50 ɗin nan ɗalibai suka fito zanga-zangar neman a tsige Kwamishinan Ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ɗansa ke kashewa a kan abinci a yini guda yanzu.

Yadda rigar ta yage

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai mun tsawaita ba. Farashin mai ya faɗi, a tsakiyar shekarun 1980 aka daina ciyar da ɗaliban jami'a a farashi mai rahusa, a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Alawus ɗin da a da yake riƙe ɗalibi shekara guda ya koma bai wuce kuɗin mota ba. Aka kawo tsarin 6-3-3-4, aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu ɗaya bayan ɗaya, makarantun kwana da yawa suka koma jeka-ka-dawo. Lokacin da aka ba mu Jihar Katsina a 1987, ofishin tallafi ya matso kusa da mu, amma masu nema sun riga sun ninka sau da yawa.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka faru tun kafin wannan, waɗanda ba a cika danganta su da ilimi ba, alhali suna da hannu dumu-dumu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, sa'an nan a 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna. Talaka ya huta, kuma ba mu ga laifin wannan ba, don an sha zaluntarsa a kan haraji. Sai dai daga lokacin babu sauran wani mutum a gari wanda aikinsa ne ya san yara nawa suka gama makaranta bana, ina kuma suka nufa. A da hakimi ya sani, domin za a tambaye shi. Hedimasta ya sani, domin shi ya kai su ganawa da kansa, wani lokacin a bayan kekensa. Kuɗin sun ragu, gaskiya ne, amma a ganinmu rashin mai jan gorar nan ya fi rashin kuɗin illa, kuma shi ne ba a taɓa maye gurbinsa ba.

Hanyar da yaron yau yake bi

Makarantu dai yanzu sun zo har ƙofar gida. Akwai Jami'ar Alƙalam tun 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tun 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga kwalejojin ilimi a Katsina da Dutsinma, ga makarantar share fage ta Funtuwa. Kakanninmu ko a mafarki ba su ga haka ba. Amma bari mu bi ɗan manomin garinmu taki-taki mu ga abin da ke gabansa.

Da farko yana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko ta NECO, a zama ɗaya ko biyu. Tun 2021 ba ya iya rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da layin waya nasa na kansa. A nan ne ake fara tuntuɓe. A firamare an rubuta shi Muhammadu, a takardar sakandare Mohammed, a wurin NIN kuma wani yaro mai sauri ya buga Muhammad, ya kuma ƙaga masa ranar haihuwa. Kwamfuta ba ta san uzuri ba. A wurinta mutum uku ne. Gyaran wannan kaɗai yakan ci tafiya birni sau biyu ko uku, da kuɗin rantsuwa a kotu.

Daga nan sai sayen fom, da zuwa cibiyar da aka amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa. A nan ake tambayarsa jami'ar da yake so, da fannin da yake so, da darussa uku da zai haɗa da Turanci. Sau da yawa yaron bai taɓa jin cewa kowane fanni da irin darussan da yake buƙata ba, sai mai shagon intanet ya zaɓa masa, ga layi na jira a baya. Mun ga yaran da suka ci maki mai kyau suka rasa gurbi saboda darasi ɗaya da bai dace da fannin ba, ko don sun nemi likitanci da makin da zai ba su aikin gona ko koyarwa cikin sauƙi. Tun 2015 kuma jarrabawar gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, ga shi akwai yaranmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan na'urar. Da su za a gwada 'ya'yan birni, cikin masu nema kimanin miliyan 2 da suka yi rajista a 2025.

In ya tsallake wannan, saura tantancewar da jami'o'i suka soma tun 2005, wata tafiyar ke nan da wani kuɗin. Saura ɗora sakamakon sakandarensa a rumbun JAMB. Saura kuma ya riƙa leƙa manhajar ba da gurbi ta CAPS, wadda aka fito da ita a 2017, domin in an ba shi gurbi sai ya danna da kansa cewa ya karɓa. Akwai yaran da aka ba gurbi suna can gona suna yankan gero, ba su sani ba har lokaci ya wuce. Wanda ya karɓa kuma, ga kuɗin rajistar shekarar farko, wanda jami'o'i da dama suka ninka a 2023, ga ɗakin kwana, ga katifa da buhun garin kwaki.

To, ina tallafin yake? Akwai shi, kuma wajibi ne yaranmu su san shi. Akwai na hukumar tallafin karatu ta jiha, mai buƙatar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Akwai na hukumar tallafi ta tarayya, da na asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur, da na wasu kamfanonin mai da na sadarwa ga masu hazaƙa. Akwai kuma bashin karatu. An taɓa gwada shi a 1972 a zamanin Janar Gowon, aka sake yunƙuri da bankin ilimi a 1993, duka biyun ba su yi ƙarko ba. A watan Afrilun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka, asusun NELFUND ya buɗe ƙofarsa a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya fara kuma da ba ɗalibi naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kamata a bayyana wa iyaye masu gudun riba, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Bashi ne dai, ranar biya na nan tafe, ya kamata yaro ya san haka kafin ya sa hannu.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri da kyau. Kusan dukkansu abu na farko da suke tambaya shi ne takardar shaidar samun gurbi, wasu ma sai ɗalibi ya gama shekarar farko ya nuna sakamako. Watau dai duk suna tsaye ne a ƙetaren kogi suna miƙo hannu, yaranmu kuwa a tsakiyar ruwa suke nutsewa. Tsakanin watan Janairu na aji shida da ranar da yaro zai riƙe katin shaidar ɗalibi, in ka ɗebe kuɗin jarrabawar da gwamnati kan biya wa waɗanda suka ci gwajin cancanta, ko fom ɗin da wani ɗan siyasa kan raba a shekarar zaɓe, babu mai riƙe da hannunsa. Yarinya kuwa nata ya fi tsanani, domin uban da zai bar ɗansa namiji ya hau mota shi kaɗai ya kwana a tasha saboda jarrabawar ƙarfe bakwai na safe, ba zai bar 'yarsa ba, musamman a halin da hanyoyinmu suka shiga. In ta rasa shekara guda, sai maganar aure ta taso, kuma ba mai ganin laifin uban.

Abin da muke roƙo

Ɗalibin da ke aji uku a jami'a, in ƙungiya ta ba shi ɗan abin da ta saba bayarwa, zai yi godiya, ya ci abinci mako biyu. In ba ta ba shi ba, da wuya ya bar karatu, don ya riga ya san hanya. Kwatankwacin wannan kuɗi a hannun ɗan aji shida shi ne fom ɗinsa da kuɗin motarsa. Saboda haka shawararmu ga kwamitin ilimi ita ce a karkatar da mafi yawan asusun zuwa wannan mataki: gyaran takardu, sayen fom, hayar mota guda da za ta kai yara cibiyar jarrabawa tare da malami namiji da malama mace, da kuma gudunmawar rajistar shekarar farko ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi wuyar samu, wato mutum. A cikin 'yan ƙungiyar nan akwai malaman jami'a, da ma'aikatan ofishin rajista, da matasa masu sanin kwamfuta. Muna roƙon kowane reshe ya ba da mutum biyu da za su zo gida su zauna da 'yan aji shida na sakandarenmu, maza da mata, su duba sunan kowa a takardunsa uku, su ji abin da yake so ya karanta, su gaya masa gaskiya game da makinsa, su karɓi lambar wayarsa su riƙa bin sawunsa har ya shiga aji. Mu tsofaffin malamai da ke zaune a gida mun ɗauki nauyin tattara sunayen yaran da riƙe littafin rajistarsu, kamar yadda muka saba.

A 'yan shekarun nan JAMB kan buɗe rajista ne a watan Janairu ko Fabrairu, ta rufe cikin 'yan makonni, a zauna jarrabawa wajen Afrilu zuwa Mayu. Gyaran suna a NIN kuwa yakan ɗauki lokaci. Ke nan zaman farko da yara ya kamata a yi shi a zangon karatu na farko, kafin hutun Disamba, kuɗin fom kuma su kasance a hannun kwamiti kafin shekara ta ƙare. Duk wanda ya yi niyyar zuwa, sai ya ba sakataren reshensa sunansa da fannin da ya sani.